Jariri Ya Zo: Yaushe Za Mu Koma Tafiyar Keke?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni da maigidana mun daɗe muna doguwar tafiya a kan keke, mu ɗaure tanti da guzuri mu yi kwanaki a hanya. Yanzu Allah ya ba mu ɗa namiji, watansa huɗu, kuma ta hanyar tiyata na haife shi. Maigidan yana ɗokin mu sayi tirelar nan ta yara da ake ɗaurawa a bayan keke, mu kama hanya da zarar ya cika wata shida. Ni kuwa zuciyata ta rabu biyu. Yaushe ya dace a ɗora jariri a keke? Wane abin ɗaukar yaro ya fi? Kuma anya rayuwar da muka saba za ta dawo?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Barka da arziki, Allah ya raya mana shi, ke kuma ya ƙara miki lafiya. Tambayoyi uku kika haɗa a saƙo ɗaya: lokaci, kayan aiki, da makomar tafiyar ita kanta. Ina jin ta ukun ce take hana ki barci, amma amsarta tana rataye da biyun farko, don haka da su zan fara. Na daɗe ina jagorantar masu doguwar tafiya a keke, ina gyara musu kekuna a hanya, kuma na ja nawa 'ya'yan a baya tun suna ƙanana. Sai dai ni ba likita ba ne, kuma ban ga yaronku ba. Duk inda maganata ta saɓa da ta likitan da yake duba shi, ku ɗauki tasa.

A taƙaice, wata shida ya yi wuri a yi tafiyar kwanaki da shi. Da ni ne, da sai ya kusa shekara ko ya cika ta. Amma wannan ba ya nufin ku jingine kekunan har wata takwas masu zuwa, kuma zan zo kan abin da za ku yi kafin nan.

Wuyan yaro ne yake yanke hukunci

Kan jariri babba ne idan aka kwatanta da jikinsa. Lokacin haihuwa, kai kaɗai ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa, alhali naman wuyan da zai riƙe shi bai yi ƙwari ba. Wajen wata huɗu yaro yakan fara tsayar da kansa, amma zama shi kaɗai ba tare da an tokare shi ba yakan zo ne tsakanin wata shida zuwa tara. Kuma tsayar da kai a hannun uwa daban, tsayar da shi na tsawon awa guda cikin jijjiga daban. Mu manya idan taya ta faɗa rami, ƙafafu da hannuwanmu su suke shanye bugun, har mu ɗan tashi daga sirdi ba tare da mun sani ba. Yaron da ke ɗaure a kujera ba shi da wannan dabara. Bugun yana tashi daga taya ya bi ƙashin bayansa ya ƙare a wuya, ƙaramin rami da babba, ɗaya bayan ɗaya, tun safe har rana.

Sannan ga matsalar hular kwano. Ba a son yaro a keke ba tare da ita ba, amma ita ma nauyi ce a kan wuyan da bai gama ƙarfi ba. Idan yaro ya jingina da baya, ƙeyar hular takan tura kansa gaba har haɓarsa ta taɓa ƙirji, wannan kuwa yana ƙuntata hanyar numfashi, musamman idan barci ya ɗauke shi. Saboda waɗannan dalilai ne ƙungiyar likitocin yara ta Amurka take cewa kada a ɗauki yaron da bai kai wata 12 ba a keke, ko a kujera ko a tirela. A jihar New York ma doka ce ta haramta ɗaukar wanda bai cika shekara ba.

Maigidan naki zai iya cewa ai ya ga hotunan iyaye a Holan da Denmak suna ɗauke da jarirai 'yan watanni a keke, kuma gaskiyarsa. A can ana ɗaura kujerar mota ta jarirai a cikin akwatin keken ɗaukar kaya, a kai yaro gidan raino a dawo da shi. Dokar hanya ta Jamus ma ba ta yanke mafi ƙarancin shekarun yaro ba. Abin da ta ce shi ne mai tuƙin ya kai shekara 16, yaron bai wuce bakwai ba, kuma akwai kujera ta musamman da abin kare ƙafafu. To amma a duba yanayin. Hanyoyin keke ne na musamman, shimfiɗaɗɗu, an raba su da na motoci, kuma tafiyar ta 'yan mintoci ce. Ku kuwa abin da kuke magana a kai shi ne awanni a hanya, kwana bayan kwana, a kan titin da ba ku san halinsa ba. Ko a mota mai laushi, shawarar da ake ba iyaye ita ce kada jariri ya wuce kamar awa biyu a kujerarsa ba a fito da shi ya miƙe ba.

Alamomin da nake dubawa sun fi ƙidayar watanni muhimmanci. Yana zama da kansa na dogon lokaci ba ya kifewa? Idan an sa masa hula mafi ƙanƙanta, ta zauna daram ba ta rufe masa ido, kuma yana juya kai da ita ba wahala? Idan ya yi barci a zaune, kansa yana tsayawa ko yana lanƙwashewa gaba? Wani yaron a wata goma ya cika waɗannan, wani sai bayan shekara. Wanda aka haifa bakwaini kuwa, a ƙara masa lokaci.

Abu ɗaya da ba ni da sassauci a kansa: kada a goya shi a hau keke, ko a baya ko a ƙirji, komai gajartar hanya. Idan aka faɗi, nauyin babba a kansa zai sauka, kuma babu abin da ya tsaya tsakanin kansa da ƙasa.

Ke ma jikinki yana da nasa lokacin

Mutane sukan manta da wannan sashe, duk hankali ya koma kan yaro. Tiyatar haihuwa babban aiki ne. Fata takan haɗe cikin kamar mako shida, amma naman ciki da na ƙasan ƙugu, waɗanda suka ɗauki ciki wata tara, sun fi haka jinkiri. Keke yana da kirki ga maijego don babu dirar ƙafa irin ta gudu, sai dai hawan tudu da kaya yana matsa ciki ƙwarai, sirdi kuma yana danna wurin da ƙila bai gama warkewa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2020, ta ba mata masu ciki da waɗanda suka haihu shawarar motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako, matuƙar babu wata larura. Wannan ma'auni ne mai kyau na farawa: rabin awa, kwana biyar a mako, a hanya mai laushi, ba kaya. Idan kika ga jini ya dawo, ko fitsari yana zubo miki, ko zafi a wurin ɗinki, ko kina jin wani nauyi yana saukowa ƙasa, ki dakata ki ga likita ko ungozoma. Kada ki ce za ki daure, waɗannan ba gajiya ba ne.

Sirdin da ya yi miki daidai kafin ciki ƙila yanzu ya ƙi ki. Ki gwada mai ɗan faɗi, ki ɗaga kan keken kaɗan don ki zauna a miƙe, ƙirji ma ya samu sauƙi tunda kina shayarwa. Shayarwa tana cin ƙarfi, wajen kalori 500 ƙari a kowace rana, ga wanda feda take ci. Mai shayarwar da take tuƙa keke yini guda dole ta ci ta sha fiye da yadda take zato. Ki shayar da shi dab da tashi, ke kin samu sauƙi, shi kuma ya ƙoshi ya yi barci. Jan tirela kuwa, a watannin farko, aikin maigida ne. Shi ya fi ɗoki, sai ya fara da ɗaukar nauyin.

Tirela, kujera, ko keken akwati

Hanyoyi uku ne sanannu. Kujerar da ake ɗaurawa a jikin keke, gaba ko baya, ita ce mafi sauƙin kuɗi da nauyi. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 14344 ta tsara su ne don yaron da ya kai kilo 9 kuma yake zama da kansa, na gaba su tsaya a kilo 15, na baya wasu su kai 22. Don zagaya gari ba ta da laifi, kuma yaro yana jin daɗin ganin hanya yana kusa da ke. Amma don doguwar tafiya ba na son ta. Ta cinye kariya, wurin da jakunkuna za su zauna. Ta ɗaga nauyi sama, keken ya riƙa rawa idan an tsaya ko za a hau. In keke ya faɗi, yaro daga sama zai faɗo tare da shi. Ga rana, ga iska, ga ruwa, duk a kansa, kuma idan ya yi barci kansa ya dinga lilo. Wanda zai yi amfani da ita ya tabbata tana da marufin ƙafa da maɗauri, domin shigar ƙafar yaro cikin wayoyin taya yana cikin raunukan da aka fi gani, kuma mummuna ne. Idan sirdi mai sifirin ne a rufe shi, ƙananan yatsu suna son shiga nan.

Keken akwati, wanda yaro yake zama a gaba cikin akwati kina kallonsa, ya dace da rayuwar birni. A doguwar hanya nauyinsa da tsawonsa su ne matsala. Hawa da shi aiki ne, shigar da shi jirgin ƙasa ko mota ya fi haka wuya.

Saura tirela, kuma a nan na goyi bayan maigidan naki, ita ce abin tafiya. Tana ƙasa-ƙasa, tayoyinta biyu, tana da ƙarafa kewaye da yaro da maɗauri mai riƙe kafaɗu, ƙugu da tsakanin ƙafafu. Mahaɗinta da keke yana juyawa, ta yadda ko keke ya kife ita tana nan tsaye. Yaro zai yi barci a ciki, ya yi wasa, ruwan sama bai taɓa shi ba. Da yawa cikinsu ana sa musu ƙaramar taya a gaba su zama keken turawa idan an shiga gari. Thule, Burley, Croozer da Hamax suna cikin kamfanonin da aka sani da yin su. Kowacce za ku saya, ku duba ko ta cika ƙa'idar EN 15918 ta Turai ko ASTM F1975 ta Amurka. Mai ɗaukar yaro biyu yawanci iyakarta kilo 45 ne har da kaya.

In kuɗi zai isa abu ɗaya kawai na ƙari, a sa shi a sifirin. Tirela mai sifirin da kujerar da ake kwantar da ita baya ta fi mara su nesa ba kusa ba. Bayan haka a rage iskar tayoyinta zuwa ƙasan abin da aka rubuta a jikinsu ya halatta, domin taya mai tauri tana tsalle a kan kowane tsakuwa. Akwai wata 'yar shimfiɗa mai kama da ragaya da ake sayarwa don jarirai ƙanana, ana rataya ta cikin tirela. Ku karanta littafin kamfanin da kyau kafin ku dogara da ita, don wasu sun rubuta ƙarara cewa ta turawa da ƙafa ce, ba ta ja da keke ba.

Tirela tana da nata aibin. Ita kaɗai takan kai kilo goma sha wani abu, a ƙara yaro da kayansa, sai ka ji kana jan kilo 30 ko fiye. A hawa tana ja da baya, a gangara tana turowa. Saboda haka keken da zai ja ta yana bukatar birki mai kamawa sosai da giya mai taushi ta hawan tudu. Tazarar tsayawa tana ƙaruwa, a fara kama birki da wuri. Ta fi keke faɗi, kuma tayarta ta ciki tana yanke kwana, in ba a buɗe ba sai ta hau dakalin titi, wannan kuwa shi ne abin da ya fi kifar da ita. Galibin kamfanoni suna cewa kada a wuce kamar kilomita 25 cikin awa, a kwana kuma a yi ƙasa da haka sosai. Direban mota ba ya saurin ganin abin da ke ƙasa, don haka tuta mai haske da jar fitila a baya dole ne, ko da rana. A hanyar da ake haɗuwa da motoci, ɗayanku ya riƙa bin bayanta, ɗan gefe ta wajen titi. Tayar keke ta baya kuma tana watso ƙura da tsakuwa kai tsaye zuwa fuskar yaro, don haka ragar gaba a rufe take koyaushe, kuma a sa madigadi mai tsawo.

Duk safiya kafin a tashi, a taɓa mahaɗin da hannu, a duba igiyar kariya da ake zagayawa a jikin keke ko da mahaɗin ya kwance. A tafi da tib na girman tayar tirela, don yawanci inci 20 ce, ba ɗaya ba ce da ta kekunanku.

Hanyar da za a zaɓa

Da, kuna zaɓen hanya don kyawunta ko don wahalarta. Yanzu tambayoyin su ne: akwai motoci? Ƙasan yana da laushi? In yaro ya kwana da zazzaɓi, ina asibiti mafi kusa, kuma yaya za a isa? Ni ƙa'idata, a shekarun farko ba na kwana inda ya fi awa ɗaya ko biyu a mota zuwa wurin jinya, kuma ina son hanyar da jirgin ƙasa ko bas yake bi kusa da ita, don a iya yanke tafiya ba tare da wani tashin hankali ba.

Hanyoyi iri biyu ne suka fi karɓar iyali: waɗanda suke bin gaɓar kogi, da tsoffin layukan dogo da aka mayar hanyar keke. Kogi ba ya hawa tudu, jirgin ƙasa ma ba ya son hawa mai tsini, shi ya sa dukansu a kwance suke. Misalin da kowa yake kawowa shi ne hanyar kogin Danube daga Passau ta Jamus zuwa Biyana ta Ostiriya, kimanin kilomita 320, mafi yawanta kwalta ce da babu motoci, ƙauyuka a jere, ga jiragen ruwa da na ƙasa a gefe. Ita da hanyar kogin Loire ta Faransa duk sassa ne na EuroVelo 6, doguwar hanyar keke ta Turai wadda ta tashi daga Tekun Atilantika har Baƙin Teku. A Amurka akwai Katy Trail a jihar Missouri, kimanin kilomita 385 a kan tsohon layin dogo, a Niyu Zilan kuma Otago Central Rail Trail mai kimanin kilomita 150. Waɗannan biyun dandaƙaƙƙen dutse ne ba kwalta ba, akwai ƙura da ɗan jijjiga, na fi son su ga yaron da ya haura shekara da rabi. Ba sai kun je ɗaya daga cikinsu ba. Siffar nake so ku riƙe, ku nemi mai kama da ita kusa da ku. Manyan tsaunuka kuwa a ajiye su tukuna. Daga mita 2,500 zuwa sama ciwon tsauni yana iya kama kowa, yaro kuma ba shi da bakin da zai ce kansa yana ciwo.

Yadda yini yake kasancewa

Barcin yaro ne agogonku. Ɗan shekara yana bukatar awa 11 zuwa 14 a yini da dare, kuma yawanci yana barcin rana sau biyu, kafin ya koma sau ɗaya wajen shekara da rabi. Waɗannan lokutan su ne na feda. A shayar da shi, a canza masa kunzugu, a tashi dab da barcin safe, a yi awa ɗaya da rabi ko biyu. Da ya farka a tsaya, a fito da shi ya yi rarrafe, ya taɓa ciyawa, ya ci, a daɗe. Sai barcin rana ya zo a ƙara zango ɗaya, a sauka tun da sauran rana. Wanda ya saba yin kilomita 80 ko 100 a yini ya sa ran 30 zuwa 40, wata ranar ma ba za a tashi ba sam. Na ga iyaye da yawa suna ƙoƙarin ƙara 'yan kilomita yaro yana kuka, don sun ƙudura sai sun kai wani gari. Abin da suke saya da wannan shi ne yaron da gobe zai banƙare da zarar ya hango tirelar.

Zafi da sanyi su ne abin da ya fi ruɗar iyaye, domin jikin mai tuƙi ba ma'auni ba ne. Ke kina gumi, shi yana zaune ba motsi iska tana dukansa, don haka cikin sanyi yana bukatar riga ɗaya fiye da ke. Cikin zafi kuwa, idan aka sauke marufin leda, tirela takan zama kamar motar da aka rufe gilasanta aka bari a rana. Leda ta ruwan sama ce kawai, in ba ruwa a naɗe ta a bar raga. Ki riƙa sa hannu a ƙeyarsa ko ƙirjinsa, nan ne yake faɗin gaskiya, tafin hannu da ƙafa sukan yi sanyi ko da lafiya lau yake. A guji tsakiyar rana. Man kare fata daga rana ba a cika son shafa wa wanda bai kai wata shida ba, inuwa da sutura su ne kariyarsa, kuma kafin wata shida nono kaɗai ya ishe shi, ba a ba shi ruwa. Bayan nan, duk ruwan da zai sha a hanya a tafasa shi.

Da dare a tanti, dokokin gida ne suke aiki: a kwantar da shi rigingine, a shimfiɗa mai tauri, ba matashi, ba tarin barguna, kuma ba cikin jakar barcin babba ba. Akwai jakar barci ta yara mai hannu, ita ta dace. Kada a bar shi ya kwana a tirela. Kada a kunna murhu ko wani abin ɗumama wuri a cikin tanti, iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa. Inda akwai sauro, ragar tanti a rufe tun kafin magariba.

Jakar magani ta ƙunshi ma'aunin zafi, maganin zazzaɓi na yara da likita ya ƙayyade gwargwadon nauyinsa, da ƙullin gishiri da sukari na gudawa tare da zinc. Idan ya ƙi shan nono, ko yana amai da komai, ko numfashinsa ya yi sauri, ko maɗigarsa ta faɗa, ko ya daɗe bai yi fitsari ba, ko ya yi jijjiga, tafiya ta ƙare a nan, asibiti za a nufa. Rigakafi ma wani dalili ne na jira. Ta ƙyanda ana yin ta a wata tara a ƙasashe da yawa, wasu a wata 12. Ta zazzaɓin shawara daga wata tara take farawa, kuma akwai ƙasashen da ba a shiga sai da shaidarta. In za ku tsallaka iyaka, yaro yana bukatar nasa fasfo, ku nema da wuri.

Kafin ya kai

Watannin nan ba na zaman jira ba ne. Ku sayi tirelar yanzu in kuna da hali, ku tura shi a ciki da ƙafa, ya saba da ita ta zama ɗakinsa. Maigida ya ɗora mata buhu mai nauyin kilo 15 ko 20 ya yi ta yawo da ita, ya koyi kwana da birki da gangara tun babu rai a ciki. Ku kafa tanti kusa da gida ku kwana da yaron, inda in abin ya ƙi za ku naɗe ku koma. Sannan ku gwada abin da iyalai da yawa suke yi a shekarar farko: a je wuri ɗaya mai kyau a mota ko jirgi, a yada zango na 'yan kwanaki, ɗaya ya fita da keke da safe, ɗaya da yamma, wanda ya rage yana tare da yaro. A nan zan ja kunnen maigida kaɗan, cikin girmamawa. Abu ne mai sauƙi rabon ya karkace, shi ya riƙa fita awa huɗu, ke ki samu rabin awa saboda nono yana wurinki. Ku yanke rabon tun a gida, kuma ki karɓi naki ko da ba kya jin ƙarfi, don ƙafafunki da numfashinki a waɗannan fitar za su dawo.

Idan alamomin da na lissafa sun cika, a fara da minti 15 ko 20 a kwalta mai laushi, a ƙara a hankali cikin makonni. Daga nan kwana ɗaya a waje, sai biyu. Doguwar tafiya ta biyo baya.

Anya za ta dawo?

Wani sashe zai dawo, wani sai bayan shekaru. Tashi da asuba ba tare da sanin inda za a kwana ba, tsallaka daji kwana uku ba gari, hawan tsauni har duhu ya yi, waɗannan ku sallama su na wani lokaci, kuma ba laifi ba ne ki ji kewarsu ko da kina rungume da abin da kika fi so a duniya. Amma kwana a waje, dafa abinci a buɗaɗɗen fili, shiga garin da ba ku sani ba da ƙarfin ƙafafunku, duk suna nan. Har ma mutane sun fi buɗe ƙofa ga matafiyan da suke tafe da yaro.

Ki kuma sani cewa kowace shekara da nata salon. Tsakanin shekara ɗaya da ɗaya da rabi yakan yi sauƙi, don barci yana da yawa. Da ya iya tafiya sosai zai ƙi zama, zangon ya gajarta, tsayawa ta yawaita. Wajen shekara biyu zuwa uku zai fara hawa ƙaramin keke mara feda, ku ɗaura shi a bayan tirela ya sauko ya yi nasa ɗan zangon inda babu motoci. Daga huɗu zuwa sama akwai abin da ake haɗa kekensa da naki, ya taka in ya so, ya huta in ya gaji.

Rabuwar zuciyar da kika ambata, ki faɗa wa maigidan kamar yadda kika faɗa mini. Tafiyar da uwa take yi tana waiwaye kowane minti ba ta da daɗi ga kowa, kuma shi ma ɗokin nasa wataƙila tsoro ne cewa abin da ya haɗa ku zai kuɓuce. Ku sa wata a kalanda, bayan ya cika shekara, ku zaɓi hanya tare, ku fara shiri. Ranar da za ku kai shi rigakafin wata tara, ku tafi da hular da hoton kujerar tirelar, ku gaya wa likita tsawon awannin da kuke nufin yi a yini da irin hanyar, ya duba wuyansa da zamansa, ke ma a duba wurin ɗinkin kafin ki fara ɗaukar kaya.